Na fara shakkar ruwan nonona, ku taimaka min

Iyaye mata, ɗana satinsa 7. Da yamma ta yi sai ya kama nono ya saki, ya yi ta kuka, gabana ya faɗi, in ce bai ƙoshi ba. Ma'aikaciyar jinya ta ce nauyinsa na ƙaruwa, yana kuma fitsari fiye da sau 6 a rana, amma hankalina ya ƙi kwanciya. Na fara ba shi madara da dare, sai nonon ya ja baya, tunda tsotso ne ke kawo shi. Burina in koma nono zalla har wata 6, yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta. Don Allah, wadda ta taɓa shiga wannan hali, yaya kika daina kokwanto, kuma yaya kika janye madarar?