Neman shawara: ko yoga za ta yi mini maganin ciwon ƙugu da rashin barci?

Mai tambaya, daga Arkilla, Sakkwato:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ni mace ce mai shekara 46, sana'ata ɗinki, kuma yawan zama a kan keke ya bar ni da ciwon ƙugu wanda ya daɗe yana damuna. Ina shan maganin hawan jini, sannan tun rasuwar maigidana barci ya ƙaurace mini, tunani ba ya sakina sai dare ya raba. 'Yata ta nuna mini bidiyon yoga a waya, wato wani salon miƙa jiki da sarrafa numfashi, ta ce idan na lazimce ta zan rabu da ƙwayoyi gaba ɗaya. Ina so a faɗa mini gaskiyar lamarin, da kuma matsayinta a addini, domin na ji ana cewa ibadar Indiyawa ce.

Wani ma'aikacin sashen gashi (gashin ƙashi) na asibiti:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan maigida. Yarinyar ta faɗi rabin gaskiya. A kan ciwon ƙugu da ya daɗe yoga tana taimakawa, har ƙungiyar likitocin Amurka ta saka ta a 2017 cikin hanyoyin da ake fara gwadawa kafin a koma ga magunguna, sai dai sauƙin da take kawowa matsakaici ne, bai wuce na sauran atisayen da muke koyarwa a asibiti ba. Abin da take yi shi ne miƙar da naman cinya da na ƙugu waɗanda zama ya sandarar, da ƙarfafa naman ciki wanda ke tallafe ƙashin baya. Maganin hawan jini kuwa kada ki ajiye shi ko na kwana ɗaya sai da izinin likitanki, domin jini yana iya hawa mutum bai ji komai ba har ya kai ga shanyewar ɓarin jiki. Ki guji duk salon da ake kifa kai ƙasa a ɗaga ƙafafu sama, da wanda ake riƙe numfashi na tsawon lokaci, musamman idan akwai hawan jinin ido. Idan kuma ciwon yana sauka ƙafa tare da sagewa, ko fitsari ya fara kuɓuce miki, wannan ba maganar bidiyo ba ce, ki nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko wanda ya fi kusa da ke a ranar.

Wani malamin Islamiyya, daga Mabera:
Yaya, shakkarki tana da tushe, domin yoga ta samo asali ne daga addinan ƙasar Indiya. Akwai jerin motsin da ake kira suriya namaskar, wato gaisuwa ga rana, akwai kuma lafazin "om" da ake maimaitawa, waɗannan kuwa ba su dace da mai tauhidi ba. Majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yin yoga a 2008, ta Indunusiya kuma a 2009 ta haramta wadda ake haɗawa da irin waɗannan lafuzza da ayyukan bauta, ta bar ƙofa ga wadda motsa jiki ce zalla. Ni na fi karkata ga wannan rarrabewar, amma ki kai wa malamin da kika amince da iliminsa bidiyon ya gani da idonsa.

Wata dattijuwa, daga Runjin Sambo:
Ni dai ban ga abin da zai kai mu Indiya neman miƙa ba. 'Yata, ki riƙa tattaki bayan sallar Asuba, ki rage zaman keken.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Inna tana da hujja, domin Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, kuma tattaki yana ciki. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne barcin. Numfashi a hankali, inda fitarwa ta fi shaƙa tsawo, yana rage bugun zuciya kuma yana kwantar da jiki, don haka za ki iya yinsa na minti goma kafin kwanciya ba tare da wani lafazi ba. Amma idan har an yi makonni ba kya jin daɗin komai, abinci ya fita ranki, ko kin fara ganin rayuwa ba ta da amfani, to yana iya zama ciwon damuwa, wanda ake dubawa a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. Mutanenmu suna jin nauyin sunan wurin, alhali ba sai mai taɓin hankali ke zuwa can ba.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Yaushe ya fi dacewa in riƙa yi? Kuma ina sayen diclofenac a kemis idan ƙugun ya tsananta.

Ma'aikacin sashen gashi:
Hajiya, ki sanar da likitanki wannan ƙwayar, domin yawan shanta yana ƙara hawan jini, yana kuma iya taɓa ƙoda da haifar da gyambon ciki. Atisayen ki yi shi da sanyin safiya a kan tabarma, tunda a bazara zafin Sakkwato kan haura digiri 40. Ki fara da minti goma, ki dakata da zarar kin ji suka ko jiri, kuma a wajen ɗinki ki riƙa miƙewa tsaye duk bayan rabin sa'a.