Za a tare a sabon gida bayan damina: da me ake farawa, kuma me ya kamata dangi su kai?

Maman Hanifa

Assalamu alaikum. Ƙanena ya kusa kammala gininsa a nan Kano: falo ɗaya, ɗakuna biyu, kicin, banɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Kwana goma ke nan da gama filasta, ana kan sa tayil, an ɗaura silin na POP a falo. Yana so ya tare da iyalinsa kafin sanyi ya kankama, ni kuma aka ɗora wa gyaran ciki. Tambayata biyu ce. Da me ake farawa, fenti ko labule ko kujeru, kuma nawa ake buƙata? Kowane ɗaki ƙafa 12 ne sau 12, falon 12 sau 16. Ta biyu, mu 'yan uwa mun haɗa gudummawa, ba ma so a wayi gari da agogon bango biyar da kula goma. Me ya fi amfani a kai wa wanda ya tare?

Mai Fenti

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin komai, ki hana a taɓa bangon nan da fenti yanzu. Filasta ta siminti tana buƙatar kamar kwana 28 kafin ta bushe har ciki, wadda aka yi a ƙarshen damina ma takan fi haka. In aka yi gaggawa, ruwan da ke cikin bango zai nemi hanyar fita, ya turo fentin ya yi ƙuraje, ko ya fito da wani farin gari kamar kanwa. Gwajin ba wuya: a yanko farar leda kamar faɗin faranti, a manna ta a bango da salatif ta kowane gefe, a bar ta kwana ɗaya. In an ga gumi a cikinta ko wurin ya yi duhu, a ƙara haƙuri. A yi gwajin a ƙasan bango da kuma bangon da ke jingine da banɗaki, don nan ne laima ke daɗewa. Farin garin nan kuwa da busasshen buroshi ake kaɗe shi. Wanke shi da ruwa mayar da shi ciki ne, zai sake fitowa.

Jerin aikin shi ne: mai tayil ya gama, mai wayarin ya gama huda duk inda zai huda, a toshe tsagu, a goge bango da sanfefa, a share ƙura, a shafa firaima, wato shafin farko da ke kama bango kafin fenti, sau ɗaya, sannan fenti sau biyu, da tazarar awa huɗu ko fiye tsakaninsu.

Ga lissafi. Ɗaki mai ƙafa 12 sau 12 wajen mita 3.6 ke nan kowane gefe. In tsayin bango mita 3 ne, aka cire ƙofa da taga, za a samu murabba'in mita 40. Shafe biyu, 80. Fenti mai kyau lita ɗaya takan rufe murabba'in mita 8 zuwa 10, wato ɗaki ɗaya zai ci lita 8 zuwa 10. Falon zai ci kamar lita 11. Bokiti biyu masu lita 20 za su isa ɗakunan da falo, har a samu ragowar kicin da lungu. Firaima bokiti ɗaya. Wanda ya ce miki bokiti ɗaya zai yi gidan duka, ruwa zai tsuga masa. Ruwan da ake ƙarawa kada ya wuce abin da aka rubuta a jikin bokitin, galibi lita 2 ne a cikin 20. In ya wuce haka, shi ne za ki ga mutum ya jingina da bango ya tashi da fari a bayan riga.

Launi kuma, ƙurar Kano ja-ja ce, fari tas ba ya ɓoye ta. Ruwan madara ko ruwan toka mai haske sun fi haƙuri. A falo da lungun da yara ke bi, a sa fentin satin mai ɗan sheƙi, shi ake iya gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, amma yana tona duk wani tudu da kwari na filasta, sai an gyara bangon sosai. A shafa launin a ɗan wuri tukuna, a dube shi da rana, a sake dubawa da dare a hasken ƙwai, kafin a sayi bokiti.

Hajiya Mai Labule

Maman Hanifa, abin da Malam ya faɗa haka yake. Ni dai zan ƙara cewa lokacin jiran bushewar bango ba asara ba ne, a cikinsa ake awo da ɗinki.

Kuskuren da ya fi yawa a labule shi ne a auna taga a sayo yadi daidai faɗinta. Sai a rataya a ga ya miƙe sumul kamar zanin gado. Ba taga ake aunawa ba, ƙarfen labule ake aunawa. Ƙarfen ya zarce taga da santimita 15 zuwa 20 ta kowane gefe, ya kuma hau samanta da santimita 10 zuwa 15. Taga mai ƙafa huɗu, wato mita 1.2, tana son ƙarfe mai mita 1.6. Yadi kuma ninki biyu na ƙarfen, mita 3.2, kusan yadi uku da rabi. Mai shara-shara na ciki a yi masa ninki biyu da rabi, don shi sai ya tattaru yake kyau. Yawancin yadin labule tsayinsa mita 2.8 ne, don haka faɗi kawai ake saye, amma ki tambaya a kasuwar Kantin Kwari kafin a yanka. Ƙasan labulen ya tsaya yatsa ɗaya ko biyu sama da tayil. Wanda ke jan ƙasa a hoto kawai yake da kyau, a gidan da ake mofa kullum bakinsa baƙi yake yi.

Tagar da ke kallon yamma a ba ta mai kauri da shafi a baya, domin ranar la'asar tana cinye launi. Kuma a tabbatar an sa ragar sauro a tagogi kafin labule, ba bayansa ba.

Wajen kafa ƙarfen, bulo cikinsa rami ne. In aka buga ƙusa kai tsaye, wata biyu ba za ta yi ba yaro zai ja labule ta fito da filasta. A huda da inji, a cusa robar nan mai riƙe ƙusa da ake kira fisha, a ɗaure da ƙusa mai murɗi. Ƙarfen da ya kai mita 2 a sa masa mariƙi na uku a tsakiya, in ba haka ba zai lanƙwashe.

Kujeru: falo mai 12 sau 16 ba zai ɗauki manyan nan masu kumbura-kumburan hannu ba. Mai zaman mutum uku kaɗai ta kai mita 2. Ki shimfiɗa jarida ko kwali a ƙasa daidai girman kowace kujera, ki ga ko an bar hanyar wucewa ta santimita 80 zuwa 90, da kamar 45 tsakanin kujera da teburin tsakiya. Ki auna faɗin ƙofa ma, kada a kawo kaya a tsaya ana kwance ƙyaure. A wurin kafinta ki sa a kifa kujerar ki ga katakon. In akwai ƙananan huji da gari mai laushi, ƙwaro na ciki. In ɗanye ne zai yi nauyi da sanyi a hannu, kuma hunturu na zuwa zai tsage. Karan-miski yana kama ƙura, ledar nan mai kama da fata kuwa zafi yana ɓare ta. Yadi mai ɗan kauri, matasai masu zif da za a cire a wanke, ya fi. A bar tafin hannu ɗaya tsakanin kujera da sabon bango.

Kafet na bango zuwa bango ban ba da shawararsa ba tunda an sa tayil. Na tsakiya mai santimita 160 sau 230 ya isa, ana fitar da shi a kaɗe.

Adon bango ba sai na waje ba. Tumtum na fata biyu daga Kasuwar Kurmi, faifai masu launi biyar ko bakwai a jere a bango ɗaya, ko rinannen zane na marinar Ƙofar Mata. Shi zanen a ɗaure shi a firam na katako, kada ya taɓa bango, domin shunin baba yana zuba. Bango ɗaya ake yi wa ado, a bar sauran su huta.

Injiniyan Wuta

Abu uku a ɓangarena, Hajiya, kuma duka kafin fenti.

Fanka ba a rataya ta a jikin POP. Ƙugiyarta sai ta kama katakon rufi ko rodin rufin kankare. Ki sa a duba yanzu, tun gyara bai zama fasa silin mai sabon fenti ba. Fikafikanta su yi sama da ƙasa da mita 2.3 aƙalla. Ƙananan ƙwayayen da ake binnewa a silin kada su faɗo daidai saman fikafikan, in ba haka ba da an kunna fanka haske zai riƙa walƙiya, ya sa ciwon kai.

Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60. Uku sun isa ɗaki irin naku, falo huɗu ko biyar, a raba su makunni biyu. A jikin kwali za ki ga lamba: 3000K haskensa ja-ja ne mai taushi, ya dace da ɗakin kwana, 6500K fari ne ƙal, na kicin da banɗaki. Kada a gauraya su a silin ɗaya.

Mai kafa labule ko talabijin kada ya huda bango daidai saman soket ko makunni, ta nan bututun waya ke hawa.

Kyauta kuwa, ni a ganina kuɗin ku ya tafi kan abin da ke kare kaya. Sitabilaiza ta firji mai jinkirin minti uku, saboda ɗaukewa da kawowar wuta a jere ne ke ƙona injin firji. Abin kashe gobara mai hoda, a rataye shi bakin ƙofar kicin daga waje, ba kusa da murhu ba. Fitilu masu caji ko ƙaramar sola. In tukunyar gas za ku kai, mai kilo 12.5, ku haɗa da sabon kai da tiyo da maɗaurai biyu, a gwada mahaɗar da kumfar sabulu, ba da ashana ba. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka ba a kulle tukunya a durowar da ba ta da mafitar iska. Ranar tarewa kuma a bar firji a tsaye awa huɗu kafin a jona shi, mansa ya koma mazauninsa.

Gwaggo

'Yata, na Injiniya duk gaskiya ne, amma ba za ku shiga gidan ƙaninku da abin kashe gobara kaɗai a hannu ba, sai a ce fata kuke yi masa. Ku saya, a kafa shi tun kafin ranar. Ranar kuwa ku shiga da abinci.

Wanda ya gama gini aljihunsa a bushe yake, ko bai faɗa ba. Buhun shinkafa, jarkar mai, katan na taliya, sukari, sabulu da omo sun fi masa kowane firam. Ku raba kuɗin gida uku: kashi mafi tsoka a babban abu ɗaya, kashi ɗaya kayan abinci, ragowar a ambulan a damƙa masa, domin makon farko ba ya rasa famfo mai yoyo ko makullin da ya ƙi. Babban abun kuwa matar gidan za ki tambaya, ba shi ba. Ita ta san abin da ta zo da shi a jerenta da abin da ya mutu. Ki ce ta lissafa uku, ku zaɓi ɗaya, ki sanar da dangi abin da aka riga aka saya. Maganin agogo biyar ke nan.

Abin da bai kamata a zaɓar wa mutum ba: labule, zanin gado mai launi, hoton bango. Waɗannan sai mai ɗaki. Dardumar sallah, buta, Alƙur'ani, tabarmar baƙi kuwa ba sa yawa a gida.

Turaren wuta kyauta ce mai kyau, musamman haɗin Maiduguri, amma ku haɗa da kasko na lantarki. Hayaƙin gawayi yana dafar da farin silin, kuma ba a barin garwashi a ɗakin da aka rufe.

A karanta Baƙara a gidan, ya zo a hadisin Muslim cewa shaiɗan yana gudun gidan da ake karanta ta. A dafa abinci a aika wa maƙwabta na dama da hagu da na gaba, ko ba a yi taro ba.

Maman Hanifa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. An ɗage fenti zuwa mako uku. Gwaggo, wani kawunmu ya ce shi dashen darbejiya zai kawo a sa a tsakar gida. A karɓa?

Gwaggo

A karɓa a yi godiya, amma a dasa ta a waje, nesa da katanga da ramin masai da taku shida ko fiye. Saiwarta tana bin laima, tana ɗaga daɓe ta tsaga bango. Tsakar gida ƙarama zogale ya dace da ita, ko lemun tsami. A haƙa rami mai zurfin gwiwa, a cakuɗa ƙasar da busasshen taki, a bar taku biyu daga bango. Zogalen in ya kai ƙirji a datse kansa, sai ya yi rassa a ƙasa inda hannu zai kai. Tunda rani za a shiga, a ba shi ruwa kullum da yamma har ya kama, a kuma kewaye shi da bulo huɗu saboda yara.