Ɗana ya zama bawan 'yan ajinsu, ko ni ce ban gane ba?

Maman Sadiƙ: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ba ni shawara. Ɗana na biyu shan inna ta taɓa masa ƙafar hagu yana ɗan shekara 2, lokacin muna ƙauye wajen uwar mijina, ita kuwa ba ta yarda a ɗiga wa yara rigakafi ba, amma dai wannan ya wuce. Yanzu yana aji 2 a ƙaramar sakandare, da sanda yake dogarawa. Kuɗin tara da nake ba shi, awara yake saya wa yara. Biro ba ya kwana biyu a jakarsa. Jiya da daddare na iske shi yana yi wa mutum uku aikin gida na lissafi. Da na yi faɗa sai ya ce, "Umma, in ban yi musu ba wa zai zauna da ni?" Wallahi ban runtsa ba.

Malam Abu Hanan: Hajiya, na daɗe ina koyarwa, wannan sayen abota ne. Yaron da ya san darajar kansa yana taimako, kuma yana iya cewa a'a. Ki tsayar da kuɗin taran nan, ki je wajen shugaban makaranta gobe.

Maman Ummi: Haba Malam! Alheri danƙo ne. Ƙanina kurma ne, mun yi ta hana shi shiga mutane, yau ko ɗaurin aure ba ya zuwa. Yayyenmu maza kuwa ko leƙo shi ba sa yi, sai ranar rabon gado.

Baban Yusra: Ki mai da shi makarantar Tudun Maliki ta Kano cikin 'yan uwansa.

Malam Abu Hanan: Ta kurame da makafi ce, shi ƙafa ce kawai. Kuma tun 2019 Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, yana da haƙƙin zama ajinsu. Tunda ya iya lissafi, a sa shi koya musu a allo, kowa ya yi aikinsa da hannunsa.

Maman Sadiƙ: Malam, ba zan hana shi kuɗin tara ba, yaran nan su ke riƙe masa jaka in za a hau bene. Makarantar ma ni na zaɓa, ita ce kusa da gida.

Maman Ummi: To babansa me ya ce?

Maman Sadiƙ: Wannan kuma wata maganar ce.