Kakarsa ta ce maganar hannu za ta hana shi buɗe baki, ku ba ni shawara

Salam 'yan uwa, dan Allah a ɓoye sunana. Yarona shekararsa 3, sankarau ya kama shi bara, ya warke Alhamdulillah amma jinsa ya tafi, kunnen dama ne kawai da saura kaɗan, an sa masa na'urar ji. Kafin ciwon yana cewa mama, ruwa, zo, yanzu kalmomin sai zubewa suke ɗaya bayan ɗaya. Na fara koya masa maganar hannu wajen wata maƙwabciyarmu kurma, har ya daina kukan rashin dalili tunda yana iya nuna abin da yake so, sai surukata ta ce in daina wai idan hannu ya saba baki ba zai buɗe ba, bebe zan mayar mata da jika. Babansa ya yi shiru. Ni ina zan bi?

Malamar kurame: Wa alaikumus salam 'yar uwa, kar ki daina. Tsoron Hajiya tsoho ne, har Turawa sun yi shi, a taron malaman kurame na 1880 a birnin Milan na Italiya suka hana maganar hannu a makarantun kurame, sai a 2010 a Kanada aka fito aka ce kuskure ne. Hannu ba ya ɗaure harshe. Abin da ke cutar da yaro shi ne ya kai shekara 5 ba yare ko ɗaya a kansa. Ki haɗa biyun: ki durƙusa daidai fuskarsa inda akwai haske, ki nuna ruwa da hannu, ki ce ruwa, sannan ki ba shi kofin. Ki ɗora hannunsa a maƙogwaronki ya ji rawar murya, ku zauna gaban madubi. Na'urar kuma ta wuni a kunne, ba sai za ku biki ba, ki riƙa duba batir kullum da safe.

Wani kurma: Anti ni da kaina nake rubutu. Karanta leɓe kaɗai wahala ce wallahi, ki ce baba ki ce mama a madubi ki gani, duk ɗaya ne. Garin tuwo da garin Kano ma haka. Hannu ne ke raba min gardama.

Ma'aikaciyar jinya: Tunda sankarau ne ku yi sauri ku koma wajen likitan kunne, ko cibiyar kunne ta ƙasa da ke Kaduna. Bayan sankarau cikin kunne yakan toshe da ƙashi, in ana tunanin aikin dasa na'urar ji a can cikin kunne jinkiri yana ɓata shi. Ku nemi mai koyar da magana ma.

Maman biyu: Allah ya ba shi lafiya. Ni dai a ganina kar ki ja da suruka, ki sa babansa ya kai ta asibitin ta ji daga bakin likita.

Malamar kurame: Na manta, hannun makaranta daban da na gida, na makaranta asalinsa daga Amurka ne kuma da Turanci yake tafiya, to Hausar baki aikinku ne a gida.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Yau na gwada na maƙogwaron, dariya ya yi ta yi, sai ya ce "wa". Malama sau nawa a rana zan riƙa yi kar ya gaji?