Kuruz ɗin motata ya daina kamawa, daga ina zan fara dubawa?

Mai_Tsohuwar_Mota:
Salam 'yan uwa, don Allah masana mota ku taimaka min. Motata ƙirar 1998 ce, otomatik, kuruz kwantirol ɗinta (abin da ke riƙe gudun mota ba sai ka taka totur ba) ya fara wasa tun wata biyu, wani lokaci ya kama wani lokaci ya saki da kansa ina cikin tafiya, yanzu kuma ya daina gaba ɗaya. Fitilarsa tana kawowa a dashbod amma in na danna maɓallin SET na kama gudu ko gezau. Fis lafiyarsa ƙalau na duba. Ina yawan doguwar tafiya ga ƙafata ta dama tana min ciwo shi ya sa abin ya dame ni sosai.

Bakanike_Tsoho:
Wa'alaikumussalam malam. Kafin ka sayi komai, leƙa ƙarƙashin fedar birki. Akwai suwic a wajen, shi ke gaya wa kuruz cewa an taka birki ya saki, to akwai wata 'yar roba da ke danne shi, in mota ta tsufa robar nan takan bushe ta farfashe, sai motar ta ɗauka kullum ƙafarka na kan birki, ai kuwa ba za ta taɓa kamawa ba. Duba kan kafet ko za ka ga ɓurɓushinta. Sannan ka sa wani ya tsaya baya ya kalli fitilun birki ko suna kunne ba a taka ba.

Direban_Hanya:
Tawa tiyo ne ya tsage. Wasu motocin lokacin da iskar da injin ke zuƙa suke jan wayar totur, tiyon na tsagewa ƙarfin ya tafi. Buɗe bonet injin na aiki ka saurara ko za ka ji tsiii. Kuma ka tabbata ka wuce kamar kilomita 40 a awa, ƙasa da haka ba ya kamawa.

Mai_Wayarin:
Hon naka yana yi? Maleji fa, yana rawa? In maleji na rawa sensar gudu ce, na'urar gwajin mota za ta nuna lambar matsala P0500. In hon ya mutu wayar cikin sitiyari ce, amma don Allah kar ka kwance sitiyari batir na haɗe, akwai iyabag, jakar iskar nan da ke buɗewa in an yi hatsari.

Mai_Tsohuwar_Mota:
Allah ya saka da alheri. Hon da maleji ƙalau. Robar ce wallahi, gutsattsarinta na nan kan kafet ban taɓa lura ba. Na sa sabuwa, yau na gwada ya kama a 80 bai saki ba sai da na taka birki.