Kamfanin jirgi ya rufe, kuɗin tikitinmu ya tafi ke nan?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Wata biyu da suka wuce na saya mana tikitin Kano zuwa Legas, zuwa da dawowa, ni da Hajiyarmu, za ta ga likitan ido. Ta hannun ejan na saya, na tura masa kuɗi ta banki, ya turo mini tikitin ta WhatsApp. Ana saura kwana huɗu mu tashi sai ga labari wai kamfanin ya daina aiki. Na je filin jirgin Malam Aminu Kano da kaina, na tarar kantarsu wayam, kujera biyu da fanka tana ta juyawa ita kaɗai. Ejan ya ce kuɗi ya riga ya bar hannunsa. Hajiya kullum sai ta tambaye ni, har na fara jin nauyin shiga ɗakinta. Wa zan kama?

Tsohon Ejan:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Hajiya lafiya. Ka fara gano abu guda: dakatar da su aka yi, ko karyewa suka yi? Idan hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, wato NCAA, ce ta dakatar da su, kamfani na nan, bashinka na wuyansa. Rubuta ƙorafi zuwa sashen kare haƙƙin fasinja na NCAA, ka haɗa da tikiti da shaidar biya, ka kuma kai wa FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye. Idan kuwa karyewa ce, gaskiya ɗaci gare ta: ka shiga layin masu bin bashi, kuma bankuna na gabanka.

Shi kuma ejan kada ka sake shi da wuri. Tambaye shi ko ta tsarin BSP ya yanki tikitin, wato tsarin da IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, ke karɓar kuɗin tikiti daga ejan ta miƙa wa kamfani. A wannan tsari ba ranar da ka biya kuɗin ke isa kamfani ba, kuma idan kamfani ya durƙushe IATA kan riƙe abin da ke hannunta. Lokacin da Air Nigeria ta tsaya a 2012 ina cikin sana'ar, wanda ya zo da takardunsa cif shi ake saurara.

Mazauniyar Manchester:
A nan Ingila, da kamfanin tafiye-tafiye na Thomas Cook ya rushe a Satumbar 2019, hukumar jiragen sama ta kwaso mutum kusan 150,000 zuwa gida. Amma kada a zaci kowa ke da gata. Tsarin ATOL, mai kare kuɗin matafiya idan kamfani ya karye, ya fi rufa wa wanda ya sayi jirgi haɗe da masauki asiri. Mai tikiti zalla yawanci katinsa ne ke cetonsa: dokar 1974 ta ce in ka sayi abin da ya haura fam 100 da katin bashi, banki ma na da alhaki. Malam, da a ce da kati ka biya kai tsaye, da ka nemi bankinka ya janyo kuɗin. Tura kuɗi asusun mutum ne ya ɗaure ka.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai. Na kira ejan na ambaci BSP, sai da ya yi jim kafin ya ce in zo ofis gobe da safe. Ranar likita ba ta jira, don haka na karɓi rance wurin yayana, mun sayi wani tikitin na Alhamis. Wannan karon da kati na biya.