Tsohuwar mota mai ƙofa biyu a zafin Makka da Jidda: waɗanda suka riƙe irinta su faɗa min

Abu Sadiƙ, Hindawiyya, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na ga wata Honda Civic mai ƙofa biyu ta 2008 a Haraj (shafin saye da sayarwa na intanet), shigowar Amurka, giyarta otomatik, mai ita na neman riyal 11,000. Aikina kullum tsakanin Jidda da Makka ne, kusan kilomita 80 zuwa kawai. Kuɗin sayen ina da su. Abin da nake tsoro shi ne abin da za ta riƙa ci bayan an sa sunana a istimara, wato takardar rajistar mota. Wanda ya taɓa riƙe tsohuwa mai ƙofa biyu, ko wace iri ce, don Allah ya gaya min gaskiya.

Kawu Makanike, Makka:
Wa alaikumus salam ɗana. Injin irin wannan, 1.8 ne, sarƙa gare shi ba bel ba, don haka ka huta da kuɗin canjin taimin bel da masu ta 2001 zuwa 2005 ke biya. Amma ka buɗe kunne. A cikin na 2006 zuwa 2008, da wasu na farkon 2009, an samu injinan da jikinsu ke tsagewa ruwa ya riƙa zuba a hankali. Kamfanin da kansa ya tsawaita garanti a Amurka zuwa shekara 10 a kan wannan, kuma wa'adin ya daɗe da wucewa. Idan ta same ka yanzu, aljihunka ne.

Ka je ganinta da sassafe, inji a sanyaye. In ka tarar an riga an tayar da ita kafin ka iso, ka ce za ka dawo gobe. Buɗe murfin lagireto ka ga ruwan: mai launi ne ko jan tsatsa? Haska tocila a jikin injin, gaba da baya, ka nemi farin busasshen sawu kamar na gishiri. Zaro sandar man giya ka shinshina, in yana ƙauri ka bar ta. Sannan mitarta da mil take lissafi. In ka ga 180,000, kusan kilomita 290,000 ke nan.

Baban Ummi, Shara Mansur:
Ni tawa ta Koriya ce, ta 2004. Inji bai taɓa ba ni kunya ba, ruwa ne ya ba ni wahala. Wanda na saya a hannunsa ruwan famfo yake zuba mata, lagireton ya toshe daga ciki ban sani ba. A cikin gari lafiya lau. Ranar da muka ɗauki hanyar Hada za mu Ɗa'if, a tsakiyar hawan nan allura ta ɗaga, kafin in samu gefen da zan tsaya tururi ya turnuƙe gabana. Robar saman lagireton ce ta fashe, zafin kuma ya ƙone gaskit. Kuɗin motar da ta ɗauko ta, da wankin kan inji, da sabon lagireto, sun haura riyal 2,000. Abu Sadiƙ, duk tsohuwar da ka saya a ƙasar nan, a makon farko ka canza tiyoyin ruwa da murfin lagireto da tamostat, ka sa ruwan sanyi na gaske. Kuma kada wani ya ce maka a cire tamostat wai don zafi, a sa sabo dai.

Maman Hanan, Jidda:
Kuna ta maganar inji kun manta mukayyif, wato na'urar sanyaya mota. A watan Yuli, da azahar, motar da ba sanyi ba mota ba ce. Tawa kwamfuresa ce ta fara ɗaukewa in na tsaya a danja, in na taka kuma ta dawo. Wani gareji sai cika min gas yake yana karɓar kuɗi, ashe fankar gaba ce ta mutu. Yayana ne ya gano da ya ga ba ta juyawa.

Kuma malam, in kana da iyali ka yi tunani. Ɗaure yaro a kujerar baya sai ka kwantar da ta gaba ka sunkuya har bayanka ya gaya maka. Mahaifiyata sam ta ƙi shiga baya, kuma ban ga laifinta ba.

Ɗan Madina:
Kayan inji da birki da fulogi ba matsala, ɗaya suke da na mai ƙofa huɗu, ko'ina akwai. Kayan bodi ne tashin hankali. An goge min gefe a wurin fakin, ma'aikatan Najm masu duba haɗarin mota suka zo suka ba ni gaskiya, amma ƙofar fa? Ta mai ƙofa biyu ta fi tsawo, ta huɗun ba ta shiga. Fitilar baya da ƙaramin gilashin gefe su ma daban. Sai da ɗan'uwana ya karaɗe tashlihin Bariman, wurin sayar da kayan tsofaffin motoci a Jidda, kafin aka samo, launi ma bai zo ɗaya ba. Motar ta daɗe a ajiye ina biyan taksi.

Alhaji na Misfala:
Bari in yi maka lissafin shekara. Fetur 91 riyal 2.18 ne lita, tankinta lita 50, cikawa riyal 109. Kai da za ka riƙa cin kilomita 160 a yini, ka auna sau nawa za ka tsaya gidan mai a mako. Ta'amin, wato inshora, dole ne, ko da na ɓangare na uku ne, kuma ba a mayar da mota sunanka sai da shi da fahas (binciken lafiyar mota na hukuma) mai rai. Fahas duk shekara, kuma tsohuwa ba kasafai take wucewa a karon farko ba: hayaƙi, ɗigon mai, birkin hannu, taya. Kayan gyara duk akwai harajin kashi 15 a kai. Ni ina ware riyal 300 kowane wata na gyara, wata shekarar ya isa, wata bai isa ba. Ranar sayarwa kuma masu iyali ba sa kallonta, samari ne ke tayawa, kuma tayinsu ka san shi.

Kawu Makanike:
Na tuna abu biyu, ɗana. Duba tayoyin baya ta ciki. Na farkon wannan zubin suna cinye su gefe guda saboda hannun sama na baya (ƙarfen da ke riƙe tayar), in ba a canza shi ba kullum kana wurin mai taya. Na biyu ya fi muhimmanci, rai ne: jakar iskar kariya a haɗari ta kamfanin Takata. Zafi da damshi ke lalata sinadarin cikinta, ta fashe ta watsa ƙarfe, kuma ba inda ya kai Jidda haɗa zafi da damshi. Ɗauki lambar shasi mai harafi 17 ka bincika ko an canza ta. Da lambar ce kuma za ka ga tarihinta a Amurka, ko ta haɗari ce ko ruwa ya taɓa cinye ta.

Abu Sadiƙ:
Allah ya saka muku da alheri duka. Na kira mai ita, ya ce fahas ɗinta ya ƙare amma zai sabunta kafin mu yi ciniki, lambar shasin kuma zai turo min da daddare. Kawu, in na shawo kansa ya kawo ta Makka ranar Asabar da safe, za ka samu lokaci ka ɗaga min ita a duba ƙasanta? Kuɗin dubawar a kaina.

Kawu Makanike:
Ku kawo ta ranar Juma'a da dare ta kwana a wurina, ina so in tayar da ita da hannuna.